Wanka da Guga

Duk abin da ya faru a layinmu harafi ɗaya ne ya jawo shi, sai kuma bakin Dijital, wanda ya fi harafin ɓarna.

Ni tela ne. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Mai Wanki, dattijon da ya tsufa a kan baho da dutsen guga. Allon ƙofarsa tun na mahaifinsa ne, WANKI DA GUGA, fentin ya koɗe amma ana karantawa. A bayan shagon akwai ɗan fili da igiyoyin shanya da rijiya. Tun da wani ya buɗe shagon wanki mai injina a tsallaken titi, kasuwar dattijon ta ja baya, har yakan wuni yana korar ƙuda. Sai ga sa'a ta leƙo. Manajan sabon otal ɗin bakin babban titi ya aiko masa da ɗaurin fararen tawul masu tambarin otal, ya ce a wanke a goge, ranar Asabar zai zo da kansa ya gani. In aikin ya yi masa, duk wankin otal na dattijo ne. Mai Wanki da bakinsa ya gaya mini cewa in wannan ta kuɓuce, zai sauke allon mahaifinsa ya rufe shagon.

A makon nan ne Allah ya jefo mana Dijital, ƙanin matar Mai Wanki. Ya yi wani ɗan kwas a waya, ya fito da tabarau wanda ba na magani ba da wayoyi biyu, ɗaya ba ta ma kunnuwa. Ya shigo shagon yana kallon rufi yana girgiza kai.

"Mijin Yaya, ka san abin da ke damun shagon nan?"

"Rashin kwastoma," in ji Mai Wanki, bai ɗago daga guga ba.

"A'a. Rashin es-i-o."

"Ɗan wane gida ne?"

Dijital ya yi wata dariya ta tausayi, ya jawo kujera ya juya ta ya zauna.

"Ba mutum ba ne, ilimi ne. Yanzu kowa in yana neman abu, waya yake ɗauka ya rubuta a wurin bincike, sai sunayen shaguna su jero. Wanda ke sama shi ake zuwa wa. Wanda ke shafi na biyu kuwa, ko gawa ka ɓoye a can ba mai gani. To aikina shi ne in ɗauko ka daga ƙasa in ɗora ka a sama. Kafin manajan nan ya zo, in ya taɓa wayarsa kai zai fara gani. Mai injin can sai ya zo yana roƙon ka ɗauke shi aiki."

Na leƙo daga shagona na ce, "An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa."

"Tela, kai tsaya ga allura. Wannan harkar masu ƙwaƙwalwa ce."

Mai Wanki bai so ba, amma matarsa ta sa baki, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya ce to.

Dijital ya ɗauki hoton allo, da na rijiya, da na dattijon yana murtuke fuska. Ya dasa shagon a kan taswirar intanet, ya sa lambar wayar Mai Wanki, ya zauna a bencina yana latse-latse yana cin gyaɗata. Da ya gama ya miƙo mini wayar don in yaba. Na duba, na sake dubawa.

"Dijital, ai wanka ka rubuta."

"Wanki."

"Wanka. Ga shi nan, wanka da guga. Duk wanda ya karanta zai ɗauka gugar rijiya ake nufi, a jawo ruwa a sheƙa wa mutum."

Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. Na ga kunnensa ya motsa, alamar ya gane. Amma Dijital bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi, ba kuma a gaban tela zai fara ba.

"Da gangan na yi," in ji shi. "Dabara ce."

Abin haushin shi ne sai da ƙasa ta goyi bayansa. A kwanakin babban bututun ruwa ya fashe, famfunan unguwanni suka ƙafe, mutane suna yawo da jarkoki suna warin rana. Washegari Dijital ya dawo da gudu yana nuna mana wani zane mai hawa sama.

"Kun gani? Masu neman wanka sun ninka masu neman wanki sau ba adadi. Kalmar da jama'a ke nema ita ake ba su. In sun shigo ta ƙofar wanka, sai mu tare su da wanki. Su wa ke sama yanzu? Mu ne!"

"Sama a me?" in ji Mai Wanki.

"Sama kawai, Mijin Yaya. Sama ai sama ce."

Daga nan ya bi duk bayanin da dattijon ya faɗa masa game da aikinsa, duk inda wanki yake ya mai da shi wanka, ya kuma maimaita kalmar har ta gundure ni, don wai injin bincike yana son naci. Ga yadda tallar ta koma: Wanka da guga kusa da kai. Wanka na maza, wanka na mata, wanka na yara, wanka na manyan mutane. Muna fitar da datti ko na shekara ne. Muna jiƙawa, mu cuɗa, mu matse, mu shanya a rana. Muna zuwa har gida mu ɗauka. A ƙarshe, da yake dattijon ya ce sitaci kyauta ne, Dijital ya ga kalmar kyauta tana da farin jini, ya cire sitacin ya bar kyautar.

Wayar Mai Wanki, wadda a da sai matarsa ce ke kira, ta fara ruri. Yana sa ta a lasifika saboda hannunsa kullum a jiƙe, don haka duk layi muna ji.

"Salamu alaikum, nan ne wurin wanka?" Muryar wata mata ce.

"Wanki dai, Hajiya."

"To duk ɗaya. Guda huɗu gare ni, tun shekaranjiya ba su ga ruwa ba."

"Farare ne ko masu launi?"

"Biyu farare, biyu sun ɗauko babansu."

"Suna zuba?"

"Ƙaramin ne kawai, shi ma sai da dare."

Mai Wanki ya kashe wayar ya daɗe yana kallonta. Bai gama mamaki ba wani tsoho ya kira, ya ce shi ƙafarsa ba ta da lafiya, tunda an ce ana zuwa har gida a ɗauka, a zo a ɗauke shi, amma don Allah ban da matsewa, haƙarƙarinsa ba ƙwari.

"Kai Dijital, zo nan," in ji Mai Wanki. "Me ka rubuta a kaina?"

"Mijin Yaya, da can waye ke kiranka? Yanzu fa? Wannan shi ake kira cunkoso. Cunkoso kuwa shi ne arziki."

"Arzikin ya ce kada a matse shi."

Sai maganar taurari ta taso. Dijital ya ce injin bincike ba ya yarda da shago sai mutane sun yabe shi sun ba shi taurari biyar. Da yake ba wanda ya yaba, ya bi layi yana aron wayoyin mutane, wai zai duba musu wani abu. Ni ma na ba shi tawa, Allah ya isa. Ina komawa gida na tarar da maiɗakina a tsaye bakin ƙofa da waya a hannu.

"Sannu da zuwa, mai ƙamshi."

"Wane irin ƙamshi?"

Ta karanta mini, da sunana da hotona a sama: "Tun da nake ba a taɓa cuɗa ni kamar a nan ba. Na fito ina ƙamshi, har matata ba ta gane ni ba. Taurari biyar."

"Wa ya cuɗa ka?" in ji ta. "Ni dai ina so in san wa ya cuɗa ka."

Na yi rantsuwa har na gaji. A ranar da yunwa na kwana, kuma har gobe in na yi wanka na daɗe sai ta tambaya ko na gida ya fi ko na waje. Mai kayan miya na kusa da mu shi ma an rubuta da sunansa cewa an fitar masa da dattin shekara uku. Mai chemist kuwa, mutum mai ji da kansa, an ce an shanya shi ya bushe cikin minti kaɗan.

Muka taru muka same shi. Ko a jikinsa.

"Ku ba ku san talla ba. Sunayenku fa yanzu duniya ke gani."

"Abin da ya dame mu ke nan," in ji mai chemist.

Ranar Juma'a Mai Wanki ya gama da tawul ɗin otal. Na ga aiki a ranar. Ya wanke, ya ɗauraye, ya ɗan sa bula, ya goge, ya ninke su gefe da gefe ya jera a kan tebur ya lulluɓe da farin ƙyalle. Ya tsaya yana kallonsu yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Ya ce wa Dijital ya goge tallar nan kafin gobe. Dijital ya ce an gama, ya ɗauka an goge. Abin da ya yi shi ne ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: Ranar Asabar garaɓasa.

Da safiyar Asabar gawayin dutsen guga ya ƙare, Mai Wanki ya tafi sayowa, yana so ya sake bin tawul na sama kafin manaja ya iso. Ya bar Dijital a shago, ya ce kada ya taɓa komai.

Ina buɗe shagona na ga mutum na farko, wani direban babbar mota, da soso da sabulu a leda, yana bin wayarsa tana gaya masa ya iso. Bayansa leburori uku daga wurin gini, fari fat da siminti. Sai wani bakanike wanda baƙin mai ya canza masa kamanni. Sai ɗalibai, sai masu dako, sai matar nan da 'ya'yanta huɗu, biyu farare biyu sun ɗauko babansu. Kafin in zare zare a allura layi ya kai bakin titi, kowa da bokiti ko ɗan kwandon soso.

Dijital ya fito bakin ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Tela, ka ga cunkoso? Ka ga es-i-o?" Sannan ya juya ga jama'a. "Barkanku da zuwa! Sai dai a gaskiya mu nan kaya muke wankewa. Duk mai riga mai datti..."

"Kaya?" in ji direban. "Na baro tasha na taka har nan. Ga shi an rubuta wanka, an rubuta kyauta."

"Ai salon magana ne."

"To ni ma bari in yi nawa salon." Ya ciro waya. "Tauraro ɗaya. Maƙaryata."

"Tsaya!" Dijital ya riƙe masa hannu. Layin gaba ɗaya ya ciro wayoyi. Na ga gumi ya karyo masa, domin a duniya ba abin da yake tsoro kamar tauraro ɗaya. Ya rasa uwa ya rasa uba zai iya daurewa, amma ban da saukowa shafi na biyu.

"Wa ya ce ba wanka? Akwai wanka! Ku bi ta nan."

Na ce, "Dijital, ka ji tsoron Allah."

"Tela, kwastoma sarki ne."

Ya buɗe ƙofar baya. Ya ciro zannuwan gadon mutane da ke kan igiya ya kewaye lungu biyu da su, ɗaya na maza, ɗaya ya ba matar nan da 'ya'yanta. Ya naɗe hannun farar rigarsa ya kama gugar rijiya. Yana jawowa yana zuba wa mutane a bokiti, yana cewa, "Kar a manta, taurari biyar. A rubuta wanka da guga a ciki, injin yana so."

Filin shanya ya koma fadama. Kumfa ta malalo ta ƙarƙashin ƙofa ta shigo har gindin keken ɗinkina. Leburori suna waƙa. Wani ya ɗauki sabulun wanki na dattijo yana dirza kai da shi. Wani ɗalibi ya shiga bahon sitaci bai sani ba, ya fito yana tambaya me ya sa hannunsa ba ya lanƙwasuwa.

Sai direban ya leƙo ta saman zanin gado.

"Ina tawul?"

"Ba ka zo da naka ba?"

"Wane irin wurin wanka ne ba tawul? Tauraro biyu."

Idon Dijital ya sauka a kan tebur. Na gani, na taso da gudu, santsin kumfa ya kwashe ni na zauna a ƙasa. Kafin in miƙe ya yaye farin ƙyallen.

"Dijital, na otal ne!"

"Aro ne, Tela. Jikin da aka wanke ai ba ya ɓata tawul. A goge a ninke, wa zai sani?"

Ya bi layi yana rabawa ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan sunkuyawa irin ta ma'aikatan otal.

Ana cikin haka rijiya ta gaji. Guga ta fara fitowa da ruwa ja, daga baya sai laka zalla. Bakaniken nan kuwa ya riga ya saɓe jikinsa da sabulu tun daga kai har ƙafa, baƙin mai da kumfa sun haɗu, ido a rufe yana miƙo bokiti. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba.

"Ruwa! Idona! Ku ba ni ruwa!"

"Ana kan gyara, yallaɓai, matsalar sabis ce," in ji Dijital.

Bakaniken ya lalubo tawul, ya dirje fuska da shi, ya dirje wuya da hammata, ya ɗaura shi a ƙugu ya fito ta cikin shago yana neman wanda zai shaƙe. Ya yi karo da Mai Wanki a bakin ƙofa, da buhun gawayi a kafaɗa. A daidai lokacin wata farar mota ta tsaya, manajan otal ya fito, da kwat da takalmi mai ƙyalli.

Manaja ya dubi kumfar da ke bin takalminsa. Ya dubi mutanen da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ɗaure da farin tawul. Sannan ya dubi ƙugun bakanike, inda tambarin otal ɗinsa ya zauna daram a kan ɗuwawu, da shatin yatsu biyar na baƙin mai a gefe.

"Baba," in ji manaja a hankali, "wancan tawul ɗina ne?"

Mai Wanki ya dubi ƙugun bakaniken. Buhun gawayin ya zame daga kafaɗarsa. Wallahi na ji tausayin dattijon nan har cikin raina.

Dijital ya ratso jama'a yana gyara tabarau, ya miƙa wa manaja hannu mai laka.

"Ranka ya daɗe, ni ne mai kula da harkar intanet ta kamfanin nan. Abin da kake gani gwaji ne. Mun gwada tawul ɗinka a jikin jama'a daban-daban, kuma ina taya ka murna, yana tsane ruwa. In ka duba wayarka za ka ga mu ne na ɗaya."

"Na duba tun a hanya," in ji manaja. "Na rubuta wanki da guga don in gane kwatance. Shago ɗaya ne ya fito." Ya nuna tsallaken titi, inda mai injin yake tsaye a ƙofarsa yana kallonmu yana shan shayi. "Ku ban gan ku ba sam. Sai da na tambayi mai kayan miya."

"Ai da wanka ka rubuta..."

"Ni wanka nake nema?"

Ya juya ga Mai Wanki. "Baba, an yabe ka a wurina, shi ya sa na aiko. A tattara mini kayana a kai otal." Ya tsallake kumfa, bai ko shiga mota ba, ya ƙetara titi. Muna kallo mai injin ya ajiye kofinsa ya tare shi da hannu biyu.

Mai Wanki ya shiga filin baya. Muka bi shi. Ruwa mai tsabta ɗaya ne ya rage a gidan, babban bahon bula da ya haɗa tun da safe. Ya ɗauki gugar rijiya ya cika ta a bahon.

"Zo nan, ƙanina."

"Mijin Yaya, ka bari in yi maka bayanin alƙaluma..."

"Ka rubuta wanka da guga da sunan shagon ubana. Kowa ya samu, saura kai. Ba na so a ce mun yi ƙarya."

Ya juye masa tun daga tsakar ka. Farar riga ta koma shuɗiya, tabarau ya tafi, wayar da ke aiki ta bi sahun wadda ba ta kunnuwa. Ya sake cikawa ya sake juyewa. Leburori suka ɗauki tafi.

"Kyauta ne," in ji dattijon. "Taurari nawa ka ba mu?"

"Biyar," in ji Dijital yana tofar da bula.

Matar nan mai 'ya'ya huɗu ta ce a matse shi a shanya, tunda haka aka rubuta. Ya fita ta ƙofar baya da gudu, shuɗi tun daga kai har ƙafa, yana waiwaye yana cewa duk da haka dai mu ne a sama.

Da rijiya ta kwanta, Mai Wanki ya tattara tawul ɗin nan ya sake wanke su. Na bakanike sai da ya dafa shi. Na ce masa ya bari mana, tunda aikin ya riga ya tafi. Ya ce kayan mutane ne, kuma ba a taɓa mayar da kaya da datti daga shagon nan ba. Ya goge, ya ninke gefe da gefe, ya ɗaure. Na raka shi otal don kada ya tafi shi kaɗai, yana tafe da ɗaurin a ka.

Mai gadi ne ya karɓa a bakin ƙofa. Ya duba tawul ɗin, ya dubi dattijon, sai fuskarsa ta washe.

"Af, Baba, kai ne mai wankan nan? Mu ma famfonmu shiru. Gobe ƙarfe nawa kuke buɗewa?"